Sodar Sabulu da Zoben Ido: Nazarin Raunin Wata Mai Sana'a a Rigasa

Matar da wannan bayani ya shafa shekarunta 27, 'ya'yanta uku, na ƙaramin tana goyo. A unguwar Rigasa ta Kaduna take zaune, kuma sabulun wanki take yi a tsakar gida tana sarar wa masu shaguna. Na sakaya sunanta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen ido, na kuma bi lamarinta tun daga ranar da aka kawo ta har wata 14 bayan nan.

Da hantsin wata Laraba cikin hunturu tana jiƙa soda a roba, sai yaron ya rarrafo wajenta. Ta juya da sauri za ta tare shi, muciyar ta kuɓuce mata ta faɗa cikin robar, ruwan ya yi tsalle ya same ta a idon dama. Ta sa gefen zani ta murza. Maƙwabciyarta ta shigo jin ihu, ta ce a tatsa nono a ɗiga, aka ɗiga. Wata kuma ta kawo manja. Maigidan yana Kasuwar Bacci, wayarsa ba ta shiga, ita kuma ba ta saba fita ba da saninsa ba. Da ya dawo bayan azahar suka biya wani kemis aka ba su maganin ɗigawa, sai da mai kemis ɗin ya ga ta kasa buɗe idon sannan ya ce su wuce asibiti. Sun iso mana kusan awa biyar bayan faruwar abin.

Daga baya na tambaye ta ko akwai ruwa kusa da za a iya wanke idon da shi. Ta ce randa cike take, taku uku daga inda take zaune.

A irin wannan rauni kati yana jira, tambaya ma tana jira. Muka ɗiga maganin kashe zafi, muka sa 'yar takardar gwaji a cikin fatar idon, ta nuna 9, alhali hawayen mai lafiya bai wuce 7 da ɗoriya ba. Muka kwantar da ita muka sakar wa idon ruwan gishiri na leda, muka juya fatar sama muka wanke lungunan. Sai da leda huɗu ta ƙare takardar ta sauko 7 ta tsaya a nan.

Soda ta fi ruwan batir illa a ido, abin da mutane da yawa ba su yarda da shi ba sai an yi musu bayani. Ruwan batir yakan daskarar da naman da ya taɓa, kamar yadda farin ƙwai yake yi a kasko, wannan daskararren kuma ya zama katanga ya rage shigar sauran. Soda ba ta yin katanga. Aikinta shi ne ta haɗu da mai ta mayar da shi sabulu, bangon kowace ƙwayar halitta ta jikinmu kuwa da maiƙo aka yi shi. Wato abin da matar nan take yi wa man gyaɗa da manja kullum, shi sodar ta yi wa fuskar idonta, tana narkarwa tana nutsawa, cikin 'yan mintoci. Haka siminti da farar ƙasar shafen bango suke, shi ya sa magina da masu buga bulo ba sa yankewa a layinmu.

Da likita ya zaunar da ita gaban na'urar duba ido, surukarta da ta biyo su ta leƙo ta ce, “Alhamdu lillahi, Likita, ai bai ma yi ja ba.” Likita bai amsa nan take ba. Idon fari ne fat a kewayen baƙin, kamar tangaran. A ƙunar soda ja alheri ne, don yana nuna jini na gudana. Farin nan kuwa jijiyoyin jini ne suka ƙone suka toshe.

Sai ya kirga da agogo. Likitocin ido suna ɗaukar kewayen baƙin ido kamar fuskar agogo mai awa 12, su duba awa nawa suka mutu. Ma'aunin da Harminder Dua na Notingham a Ingila da abokan aikinsa suka fitar a 2001 yana da mataki shida, daga wanda ko awa ɗaya ba ta taɓu ba zuwa wanda duka 12 suka tafi. Nata awa 10 ne, mataki na biyar. Abin da ya tsira shi ne daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1, can sama inda fatar ido ta rufe. Haka aka fi gani, domin idan abu ya taso wa ido yakan juya sama da kansa, ƙasan ya sha duka. Da aka ɗiga rinin gwaji aka haska shuɗiyar fitila, fuskar madubin da ke saman baƙin idon gaba ɗaya ta yi kore, alamar babu sauran fata a kanta. Hannu kawai take iya gani idan an kaɗa a gabanta.

Me ke cikin wannan zobe

Abin da muke kira baƙin ido, a samansa akwai wani madubi garai-garai, likitoci suna ce masa koniya. Faɗinsa kamar milimita 12, kaurinsa a tsakiya rabin milimita da 'yar ɗoriya. Ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, shi ya sa haske ke ratsa shi. A kansa akwai fata mai hawa biyar zuwa bakwai na ƙwayoyin halitta, kaurinta duka kamar kashi ɗaya cikin goma na madubin. Ƙiftawa tana goge ta, ƙura tana kankare ta, hawaye yana wanke abin da ya zube. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fatar nan takan sabunta gaba ɗaya. Wanda tartsatsin walda ko ƙwayar yashi ta taɓa karce wa ido ya san cewa kwana biyu ya isa ya warke sumul.

To daga ina sababbin suke fitowa? Daga siririn zoben da ke tsakanin baƙi da fari, wanda faɗinsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. Sunansa a likitance limbos. A cikinsa akwai 'yan kunyoyi jere kamar na gona, waɗanda likitan ido ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Vogt, ya bayyana a 1921, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Sun fi yawa a sama da ƙasa. A idon baƙar fata sun fi fitowa sarai saboda launin da ke lulluɓe da su, wanda ke yi musu laima daga rana. Ɗalibanmu ba sa shan wahalar ganinsu.

A kwarin waɗannan kunyoyi ƙwayoyin iri suke zaune. Ba su da yawa, ba su da gaggawa, kuma suna nan muddin rai. Idan ɗaya ta rabu biyu, ɗaya takan zauna gida ta gaji uwar, ɗayar ta fita. Ni 'yan ci-rani nake kiran masu fitar idan ina yi wa majinyata bayani. Su ne masu zafin nama: suna rabuwa da sauri, suna tururuwa daga gefe zuwa tsakiyar madubi, daga nan su hau sama hawa-hawa, su baje, su tsufa, su zube cikin hawaye. Sai dai rabuwarsu ƙidayayya ce. Sau kaɗan ne ƙarfinsu ya ƙare, dole gida ya aiko wasu.

Ba a dare ɗaya aka gane haka ba. A 1971 Davanger da Evensen suka lura da yadda launi ke gangarowa daga zoben zuwa tsakiya, suka ce ruwa ba ya tsami banza, can ne mafarin. A 1983 Thoft da Friend suka mayar da abin lissafi: abin da ake haifa a hawan ƙasa, a tara da abin da ke shigowa daga gefe, dole ya yi daidai da abin da ke zubewa a sama. A 1989 Cotsarelis da abokansa suka nuna a idon ɓera cewa ƙwayoyi masu jinkirin rabuwa a zoben suke taruwa, kuma rauni ne ke tashinsu tsaye.

Zoben yana da aiki na biyu, shi ne shinge. Tantanin da ya rufe farin ido yana da jijiyoyin jini da ƙwayoyi masu fitar da yauƙi, kuma a shirye yake ya mamaye duk filin da ya samu babu mai shi. Muddin zoben na raye, ba ya ƙetarewa.

Makonnin farko

An kwantar da ita kwana tara. Aka sa mata maganin kashe kumburi na ɗigawa akai-akai, wanda dole a fara janye shi bayan kamar kwana goma, in ba haka ba yana iya sa madubin ya narke ya huje. Aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da mai hutar da ɗan ido, da hawayen kwalba, da bitamin C na sha. Akwai wata ƙwaya, dokzisaikilin, da ake bayarwa don hana narkewar, amma da yake tana shayarwa likita ya ajiye ta. Kullum da safe ina zagaya cikin fatar idon da 'yar sandar gilashi don kada fatar ta manne da ƙwayar. Ta tsani wannan aiki, ni ma ban so shi ba. Matsin cikin idon ya hau a kwana na uku, aka sauko da shi da magani.

Idon bai huje ba, wannan nasara ce. Cikin mako na shida fuskar madubin ta rufe, dangi suka yi ta barka. Amma wanda ya duba da na'ura ya san da me ta rufe. Daga sama wani ɗan harshe na fatar gaskiya ya sauko, mai sheƙi, daga awa biyun nan da suka tsira. Sauran kuwa tantanin farin ido ne ya hauro ta ƙasa da gefuna biyu, dusu-dusu, da jijiyoyinsa ja kamar saiwar albasa.

Daga nan ta ɓace mana wata uku. Kuɗin Keke Napep daga Rigasa, da kuɗin magani, ga jarin sabulu ya karye. A tsakanin nan ta ci gaba da sayen maganin kemis duk lokacin da idon ya yi ja, an kuma kai ta wajen mai maganin gargajiya ya sa mata wani tozali mai yaji. Da ta dawo, ɗan harshen nan ya shanye, tantanin ya rufe madubin kaf. Ba ta iya kallon hasken rana, hawaye ba ya tsayawa, fatar tana tsagewa ta warke ta sake tsagewa. A unguwa cewa ake yi hakiya ce ta fito mata. Wasu suka ce yana ce, a je a kankare kamar yadda aka yi wa tsohuwar gidansu.

Ba na ganin laifinta a ɓacewar nan kamar yadda nake ganin namu. Mun sallame ta da takardar magani da ranar dawowa, amma babu wanda ya zaunar da maigidan ya zana masa agogon nan ya ce ga awa biyun da muke gadi.

Shawara

Maigidan ya zo da maganarsa a shirye. Ya ji a rediyo ana dashen madubin ido, ya ce ko gonar gado ce zai sayar. Likita ya ce masa, “Malam, in ka shimfiɗa sabon daɓe a ɗakin da rufinsa ke yoyo, damina ɗaya zai yi.” Madubin da ake dasawa tsakiyar kawai ake yankowa, ba ya zuwa da zobe. Fatar da ta zo a kansa 'yan ci-rani ne, za su ƙare cikin watanni, tantanin farin ido ya sake haurowa, ga jijiyoyin jini da za su kawo sojojin jiki su far wa baƙon nama. A ido irin nata sai an fara mayar da iri.

Irin kuwa yana idonta na hagu.

Nan aka yi shiru. Surukar ce ta fara magana: “Ɗayan da ya rage za ku taɓa? Wa zai riƙe mata yaran?” Tambaya ce mai kyau, kuma tarihin wannan aiki kusan duka ƙoƙarin amsa ta ne.

A 1989 Kenyon da Tseng a Amurka suka wallafa hanyar farko: a yanko ɓangare biyu na zoben ido mai lafiya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, tare da ɗan tantanin da ke jikinsu, a ɗinka a idon da ya ƙone bayan an feɗe abin da ya rufe shi. Da yake naman mutum ne da kansa, jiki ba ya ƙin sa, ba a buƙatar maganin danne garkuwa. Haɗarin shi ne a ɗiba da yawa a talauta mai bayarwa. A 1997 Graziella Pellegrini da Michele De Luca a Italiya suka nuna a kan majinyata biyu cewa ana iya ɗaukar ɗan mitsitsi, kamar milimita ɗaya zuwa biyu, a rene shi a ɗakin gwaji har ya zama shimfiɗa, sannan a dasa. A 2010 su da Paolo Rama suka ba da rahoton mutum 112, inda kusan kashi 77 cikin 100 na idanun suka sami fata mai ɗorewa. Sun kuma gano cewa nasara ta rataya ne a kan yawan ƙwayoyin iri na ainihi a cikin shimfiɗar: idan sun haura kashi 3 cikin 100, aiki ya fi kamawa. Wannan shi ya zama Holoclar, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2015, maganin ƙwayoyin iri na farko da ya sami wannan izini a can. Sai dai ɗakin renon da tsadarsa sun fi ƙarfin yawancin asibitocin duniya, balle mai sabulu a Rigasa.

Hanyar da ta fi burge ni daga Indiya ta fito. A 2012 Virender Sangwan da abokan aikinsa a cibiyar ido ta L V Prasad da ke Haidarabad suka ce a bar idon ya zama ɗakin renon kansa. A yanko milimita biyu a kan biyu daga mai lafiya, a daddatsa shi gutsi-gutsi kamar takwas zuwa goma, a shimfiɗa tantanin mabiyiya a kan madubin, a jera gutsattsarin a kai, a manne da gam na jini. Kowane gutsure ya yi yaɗo har su haɗe. Duk wanda ya ga masu lambu a bakin kogin Kaduna suna cire tumatir daga bedi suna dasawa ya gane dabarar. A 2016 suka ba da rahoton ido 125, kashi 76 cikin 100 sun yi kyau.

Wanda idonsa biyu suka ƙone, ko wanda cutar nan mai saluɓe fata bayan shan wasu magunguna ta cinye masa zobe biyu, lamarinsa ya fi wuya. Sai a nemi na ɗan'uwa ko na mamaci, da shan maganin danne garkuwa shekara da shekaru. A Japan, Kohji Nishida ya gwada fatar cikin baki a 2004. Ita dai tamu Allah ya bar mata rumbu guda.

Gam ɗin jinin da tantanin mabiyiya da aka tantance daga cututtuka ba su samu a lokacin ba, don haka likita ya zaɓi tsohuwar hanyar 1989, wadda madubin tiyata da zare kawai take nema. Hannunsa kuma ya saba, don kusan irin yankan da ake yi ne wajen cire tsiron naman ido. Ya duba idon hagun sau biyu a ranaku daban, ya tabbatar sodar ba ta taɓa shi ba, kunyoyin Vogt suna nan reras. Ya yi alkawarin ba zai wuce awa biyu a sama da awa biyu a ƙasa ba, takwas su zauna. Suka tafi shawara. Mako uku bayan nan ita da kanta ta dawo ta ce mini, “Sista, ni na gaji da zama a ɗaki da labule a sake. A yi.”

Aikin da abin da ya biyo baya

An jira sai wata na tara, bayan idon ya huce kuma ta yaye yaron, don iri ba ya kamawa a ƙasa mai zafi. Aka feɗe tantanin da ya rufe madubin, ya taso kamar bawon dafaffen dankali, ƙarƙashinsa ya fi yadda muka zata haske. Aka ɗinka yanki ɗaya a ƙarfe 12, ɗaya a ƙarfe 6, aka sa gilashin roba mai laushi ya rufe.

Wannan karon na karɓi lambar maigidan da ta ƙanwarta, na kuma zana agogon a bayan katinta.

Kwana na biyar rinin gwaji ya nuna harsuna biyu, na sama da na ƙasa, suna miƙowa. Kowane zuwa koren yana raguwa. A kwana na 16 suka haɗu a tsakiya, aka bar wani siririn layi a kwance inda suka gamu, shi ma ya ɓace daga baya. Idon hagun ya yi ja mako guda, wuraren da aka yanka suka rufe, ganinsa bai ragu ba.

A wata na 14 da raunin, wato wata biyar bayan tiyata, zafi ya tafi, hawaye ya tsaya, tana fita da rana ba tare da ta rufe fuska da mayafi ba. Da idon daman tana karanta layi biyu na saman allo, tana gane fuskar mai shigowa daga ƙofar zaure. Ba ta iya zura zare a allura da shi. Akwai tabo a cikin naman madubin kansa, can ƙasan fatar, wanda ƙwayoyin iri ba su da iko a kansa. Idan fuskar ta zauna lafiya shekara guda ko fiye, a nan ne maganar dashen madubi da maigidan ya fara kawowa za ta yi ma'ana, in an sami madubin.

Ta koma sabulu, da tabaran masu walda da ƙaninta ya sayo mata a Panteka, kuma ba ta jiƙa soda sai yara sun tafi Islamiyya. A zuwanta na ƙarshe likita ya ga wata 'yar jijiya ta ƙetaro ta wajen ƙarfe 3, inda babu dashe, ta shigo kamar milimita ɗaya ta tsaya. Ya auna ta, ya zana a kati, ya ƙara mata hawayen kwalba saboda hunturu ya sake kamawa. Za ta dawo bayan mako shida a sake aunawa.